Bulon Kyauta

Ƙasa ta haɗiye ɗakin mahaifiyar tela da hantsi, bayan yara sun gama wucewa makaranta. Tela yana gaban shagonsa yana zura zare, sai ya ji ƙara kamar an juye tifar dutse a bayansa. Da ya zagaya babu ɗakin. Rami ne a wurin mai faɗin baki, kwanon rufi ya lanƙwashe a ciki, ƙura tana tashi. Maza suka yi ta janye katako da bulo har rana ta take kafin su kai ga tsohuwar. A kan gadonta suka same ta, rai ya riga ya yi halinsa.

Unguwar a kan tsohon ramin kwal take zaune. Kamfanin da ya haƙa ya daɗe da tashi. Da zai tafi ya toshe bakin ramin da kankare, ya bar ginshiƙan kwal a ƙarƙashi suna tallafe da ƙasa, aka yi shekaru lafiya. Sai bara bangaye suka fara tsagewa, ƙofofi suka ƙi rufuwa, rijiyoyi suka ƙafe. Injiniyan da hukuma ta turo ya leƙa sabon ramin, ya ce wannan ba aikin tsufa ba ne, wani ne yake shiga ƙarƙashi yana saran ginshiƙan.

Ciyaman ɗin unguwa, wanda yake da gidan gasa bulo a ƙarshen layi, ya tsaya a bakin ramin ya dafa kafaɗar tela. Ya ce kada ya damu da gini, shi zai ba da bulo kyauta, kamar yadda ya saba ba duk wanda bangonsa ya tsage. Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Kafin rana ta faɗi kowa ya yanke ko wane ne mai laifi. Kwalkwali ne. Tsohon ma'aikacin kamfanin ne, har yanzu yana yawo da hular kwanon da aka ba shi, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya fita tun asuba bai dawo ba. Aka ce ya san abin da ya aikata, ya gudu. Samari suka jefi ƙofarsa da duwatsu, wani ya ɗebo ruwan kwata ya watsa ta taga.

*

Washegari da sassafe matar Kwalkwali ta je gidan mai bin sawu. Dattijo ne siriri, ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata, yanzu kuma awaki da babura da yaran da suka ɓata. Ido-ƙasa ake ce masa, don ko gaisuwa yake yi idonsa yana kan ƙafar mutum.

“Kawu, ba zuwa na yi in ce mijina ba shi da laifi ba,” in ji ta. “Ban sani ba. Amma bai gudu ba.”

“Me ya sa kika ce haka, ɗiyata?”

“’Yarmu tana asibiti, yau ko gobe za ta sauka. Jikansa na fari ne. Mutumin da yake zuwa yana zama a bakin ƙofar asibiti har masu gadi suna korarsa, shi ne zai gudu bai ga abin da aka haifa ba?”

“Ina yake ce miki yana zuwa da asuba?”

“Dako a kasuwa. Buhunan gawayi, in ji shi. Kullum farcensa baƙi.”

Ido-ƙasa ya ɗauki sandarsa ya bi ta. Warin kwata ne ya tare su tun daga zaure. Ruwan ya bushe a jikin labule da kan tabarma, ƙudaje sun cika ɗakin. Ya rufe hanci da hannun riga ya wuce ƙofar baya. Ta ce masa takalman kamfani mijin yake sawa, na hagu an yi masa faci da guntun taya. Ga sawun nan kuwa a lakar bakin lambatu, zanen taya a diddige.

Ya bi shi a hankali. Takun mutum ne mai tafiya wurin aiki, ba sauri, ba kaya a kai, ba waiwaye. Sawun ya bi gefen lambatu, ya ratsa bayan wani kango, ya hau kwalta. Nan ya ɓace.

*

A tasha ɗan kamasho bai jira an gama tambaya ba.

“Ai na gan shi, Baba. Motar farko ya shiga, yana ta zufa.”

“Gaba ya zauna ko baya?”

“Baya.”

“Da hular tasa?”

“Da ita. A'a, ya cire ta ya sa a jaka.”

“Wace irin jaka?”

Ɗan kamasho ya sosa ƙeya, ya kalli yaran mota ko wani zai taimake shi.

“Ni dai gaskiya ba da idona na gani ba. Direban Ciyaman ne ya faɗa a wurin mai shayi, kuma ai shi ba zai yi ƙarya ba.”

“Kai ba ka gani ba, amma da bakinka aka zuba wa mace kwata a kan shimfiɗarta.”

“Haba Baba, ni ina ruwana da kwata? Magana ce kawai.”

Ido-ƙasa ya dube shi daga silifas zuwa gwiwa, bai ɗaga ido ya kai fuska ba, ya juya ya tafi.

*

Akwai wasu baƙi da suka kafa bukkoki a bakin rafi suna wanke yashi suna neman abin da za su samu. Da ba a ga Kwalkwali ba, sai aka ce ai su ne abokan aikinsa. Saje mai kula da ofishin ’yan sanda na unguwar ya kamo biyu ya zaunar da su a kan benci da ankwa ɗaya.

Ido-ƙasa ya roƙi ya gan su. Ya ce su buɗe hannu. Tafukan sun yi fari fat sun yamutse saboda ruwa, babu ɗigon baƙi a farce. Ya duba tafin ƙafarsu, haka. Ya gangara bukkokinsu ya tona murhu da sanda, tokar kara ce da ta itace.

“Saje, waɗannan ba su taɓa kwal ba.”

“Na sani, Kawu,” in ji Saje, yana hamma. “Amma mutane suna son su ga an kama wani. In na sake su, ofishina za a jefa.”

Daga nan ya wuce tsohon bakin ramin kamfani. Kankaren yana nan yadda aka bar shi, ciyawa ta fito a tsagunsa, gizo-gizo ya yi saƙa a kusurwa. Babu ƙafar da ta taka wurin sai ta akuya. Ke nan akwai wata ƙofa. Ya zauna a kan dutse yana tunani. Wanda ya shekara yana haƙa a ƙarƙashin gari dole ya fito da ƙasa mai yawa kafin ya kai ga kwal, kuma dole ya zuba ta a wani wuri. Ya tashi ya zagaye unguwar, bayan makaranta, bola, kwazazzabo, filin ƙwallo. Ko tudu ɗaya na sabuwar ƙasa bai gani ba.

*

Rana ta yi tsaka ya dawo gidan tela. Tela yana zaune a kan kujerar keken ɗinki, bai taɓa ɗinki ba, idanunsa sun kumbura. Ido-ƙasa ya yi masa gaisuwa, ya ari tsani ya sauka cikin ramin.

A sama ƙasar ja ce, irin ta ko'ina a unguwar. Can ƙasa kuwa, inda rufin ramin kwal ya rufta, toka-toka ce mai santsi, tana ɓarewa falle-falle, da ɗigo-ɗigon baƙi mai ƙyalli. Ya ɗebi kaɗan ya sa a aljihu. Yana hawowa ƙafarsa ta zame a kan wani bulo da ya rabe biyu. Ya ɗauka zai jefar, sai ya tsaya. Bayan bulon ja ne, amma cikinsa, inda wuta ba ta gama ci ba, toka-toka ne da ɗigon baƙi. Ya fito da ta aljihunsa ya haɗa. Iri ɗaya ce.

“Ɗana, wannan bulon daga ina?”

“Na Ciyaman ne. Bara da bangon Inna ya tsage, shi ya aiko da su, har da magini.” Muryar tela ta karye. “Kullum sai ta yi masa addu'a. Ta ce ko ɗan da ta haifa iyakar abin da zai yi ke nan.”

Ido-ƙasa ya ajiye bulon. Ya juya baya ya tofar da yawu a cikin ramin, sannan ya tuna a nan tsohuwar ta rasu, ya ji kunya ya rufe wurin da ƙasa da ƙafa.

Ya bi layin yana duba facin da aka yi wa bangaye. Gidan mai wanki, shagon aski, katangar makaranta, duk inda ya kankare da ƙusa abu ɗaya yake gani. Ƙasar da yake nema tun safe tana jikin gidajen mutane, an gasa ta an raba musu suna godiya.

A ƙofar gidan bulo ya durƙusa ya duba sawun tayoyi. Masu fita sun nutse a ƙasa, masu shiga da ƙyar suka bar alama. Babu motar da ta shiga da yumɓu ko itace, amma hayaƙi yana tashi daga wurin gashi. Ya zagaya bayan katanga inda akwai wata ƙaramar ƙofar ƙarfe. Nan sawu ya taru, na jiya a kan na shekaranjiya, masu shiga da masu fita. Takalmin mai facin taya yana ciki. Na ƙarshensa, wanda yake saman sauran, shiga ya yi. Ido-ƙasa ya nemi na fita har gwiwarsa ta yi ciwo, bai samu ba. Ta ƙarƙashin ƙofar warin ɗanyen siminti yana fitowa.

Ya miƙe ya nufi ofishin Saje, kuma ranar ne mutanen layin suka fara ganin Ido-ƙasa yana gudu.

*

Dama Ciyaman ya kira taro a farfajiyar gidan bulo da la'asar. Za a raba bulo ga waɗanda bangonsu ya ƙara tsagewa, a kuma yanke shawarar korar iyalin Kwalkwali daga unguwa. An jera kujeru, an kawo ruwan sanyi. Ciyaman yana tsaye cikin farar riga, direbansa a bayansa. Tela ya zo, ɗan kamasho ya zo, samarin layi sun jingina da katanga. Sai ga Saje da baƙin nan biyu cikin ankwa, da Ido-ƙasa, da matar Kwalkwali a bayansu. Gunaguni ya tashi da aka gan ta.

“Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni,” in ji Ido-ƙasa. “Yumɓun da kake bulo da shi, daga ina ake kawo maka?”

“Daga bayan gari mana, Kawu. Zauna ka sha ruwa.”

“Da wace mota?”

“Motata.”

“Motarka fanko take shigowa. Da me kake gasawa? Ban ga itace ba.”

Ciyaman ya yi dariya ya kalli jama'a.

“Tsufa ya fara taɓa Kawu. Yau kuma bulo ne ya ɓata ake bin sawunsa?”

Wasu suka yi dariya. Ido-ƙasa ya ɗauki bulo ɗaya daga tarin da za a raba, ya buga a ƙasa ya rabe. Ya zazzage abin da yake aljihunsa kusa da shi.

“Wannan daga ƙasan ramin da ya ci mahaifiyar tela na ɗebo ta. Wannan kuma bulonka ne. Duk mai ido ya zo ya duba.”

Tela ne ya fara zuwa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya murza ta a yatsa. Da ya ɗago, sai kujerun da suke kusa da Ciyaman suka fara ja da baya.

Ido-ƙasa ya nuna kusurwar farfajiya, inda aka jibge bulo a kan wani faffaɗan murfin kankare.

“Wancan fa?”

“Tsohuwar rijiya ce. Ta ƙafe tun bara, na rufe ta don kada yara su faɗa.”

Dattijon ya je ya danna babban yatsa a simintin da aka liƙe gefen murfin da shi. Yatsan ya bar alama. Ya ɗaga shi kowa ya ga danshi.

“Simintin bara ke nan,” in ji shi. Sannan ya juya ga direba. “Kai ne ka ce ka ga Kwalkwali ya shiga mota. Ni kuma na ga ƙafarsa ta shiga gidan nan ba ta fita ba. Saje yana nan, matarsa tana nan. Sake faɗa mu ji.”

Direba ya kalli ubangidansa, ya kalli murfin.

“Na gaya masa muna jin bugu,” ya ce. “Wallahi na gaya masa. Da ƙasa ta rufta sauran suka fito, shi yana can ciki, muka ɗauka ya mutu. Oga ya ce a rufe kafin injiniya ya zo. Muna cikin liƙewa muka ji ana bugawa daga ƙasa. Ya ce mu ƙara bulo a kai, zai daina da kansa.”

Wata tsohuwa ta ajiye kofin ruwan da aka ba ta a ƙasa, ta goge bakinta da gefen mayafi.

Matar Kwalkwali ce ta fara kai hannu kan tarin bulon. Tela ya bi ta. Saje ya kwance baƙin nan, su ma suka shiga. Aka kawo ƙarafa aka ɓanɓare simintin, aka ture murfin. Wani wari mai nauyi ya bugo, na hayaƙi da fitsari da iskar da ta daɗe a rufe. Kwalkwali yana nan a saman tsanin ƙarfe, dab da baki. Ya ɗaure ƙugunsa da bel a jikin tsanin don kada ya faɗa in ya suma. Hular tana hannunsa, ta lotse saboda bugu, yatsunsa duk jini. Aka jawo shi aka shimfiɗe. Ɗaya daga cikin baƙin ya kara kunne a ƙirjinsa, ya ce da sauran numfashi.

Nan take samarin da suke jikin katanga suka yi kan Ciyaman, suna ihun a ba su shi. Ido-ƙasa ya gitta sandarsa a gabansu.

“Ku tsaya. Ba ƙafar Kwalkwali kaɗai na gani a bayan katangar nan ba. Kai mai jan silifas, da kai mai gajeren taku, da kai da takalminka ya cinye ta waje. Tare kuka shiga da shi jiya, kuka fito kuka bar shi. Da yamma kuma ku ne a ƙofar gidansa da duwatsu. Na ga sawunku a can ma.”

Hannayen da suka ɗaga suka sauka. Ɗaya ya fara cewa shi leburanci kawai yake yi. Uwarsa, wadda take zaune a layin gaba tana jiran rabonta, ta rufe fuska.

Aka ɗiga wa Kwalkwali ruwa a baki. Can ya buɗe ido, ya ga matarsa, ya ga taron. Da ƙyar muryarsa ta fito.

“Me ya rufta a sama?”

Tela ne ya matso.

“Ɗakin Inna,” ya ce. “Tana ciki.”

Kwalkwali ya rufe ido, hawaye suka bi baƙin fuskarsa.

“Na ce masa ginshiƙin nan shi ne na ƙarshe a layinku,” ya ce. “Ya ce a sare. Ni na sare shi da hannuna.”

Tela ya tsaya a kansa ya daɗe. Kowa ya zaci zai yi wani abu. Sai ya cire rigarsa ta sama, ya naɗe, ya tura ƙarƙashin kan mutumin, ya fita daga farfajiyar bai waiwaya ba. Matar Kwalkwali ta riƙe hannun mijinta har aka sa shi a mota, amma ba ta kalli fuskarsa ba.

Saje ya sa wa Ciyaman da direba ankwar da ya cire daga hannun baƙin. Ciyaman yana ta cewa a tuna alherin da ya yi wa unguwar nan, a tuna wa ya gyara katangar makaranta. Aka tasa samarin uku a gaba. Injiniya ya iso ana cikin haka, ya leƙa rijiyar da fitila, ya ce duk gidajen layin tela a kwashe kaya a fita, ba ya ba da tabbacin za su kai damina.

Ido-ƙasa yana wanke hannu a bakin famfo, yana ta cuɗawa kamar simintin ya ƙi fita, sai ya ji ƙarar baro. Mai aski ne, ya turo shi har gaban tarin bulon. Bayansa mai wanki da bokiti biyu, bayansu wasu suna tahowa. Mai aski ya gyara murya ya matsa kusa da Saje.

“Ranka ya daɗe, to bulon da aka ce za a raba fa? Ai dai an riga an yi mana alkawari.”

Kafin Saje ya buɗe baki an fara lodi. Mai wanki ta cika bokitinta ya fi ƙarfinta, ta waiwaya ta ga dattijon.

“Kawu, ɗan ɗora mini mana.”

Ido-ƙasa ya ɗaga ido ya kalle ta a fuska, abin da ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ta saki bokitin. Ya ɗauki sandarsa ya raɓa ta gefenta ya fita.